Haƙoran Mu'allim Zaglul

Mu'allim Zaglul na tsakiyar titi yana zagin masu ɗaura igiyar rumfa ƙasa-ƙasa, saboda ƙofar gidan rasuwa ce, sai ga 'yarsa Rabab ta diro daga adaidaita, ko farar rigar kantin magani ba ta cire ba. Ba sallama, ba gaisuwa. Waya kawai ta danna masa a hanci.

"Baba, wane ne wannan?"

Ya ja da baya don ya gani da kyau. Shi ne mana. Ga shi nan cikin jallabiya ruwan toka, hannu a ƙirji, sababbin haƙoran da ya sa bara duk a waje. A ƙasa an rubuta: Allah ya tashi kafaɗar majinyacinku. Amma in ta Allah ta kasance, Rumfunan Zaglul na tare da ku. Kujeru masu laushi, gahawa ba yankewa, makaranci mai murya. Akwai rangwame ga wanda ya yi magana da wuri.

"Ai hoton ya yi kyau," in ji shi.

"Hazim ne ya turo min. Ya fito a wayarsa, ya fito a ta ƙannensa, ya fito a ta mahaifiyarsa tana zaune a bakin gadon Alhaji Bayyumi. Za ta duba lokacin sallah, sai ga haƙoranka."

Hazim shi ne wanda aka yi wa Rabab baiko da shi. Alhaji Bayyumi kuwa mahaifinsa ne, yana kwance a asibiti tun kafin azumi, shi ya sa ma aka ɗaga biki aka ce sai ya warke.

"Mahaifiyar tasa, Hajiya Insaf, ta ce a mayar musu da zinaren baikonsu," Rabab ta ce. "Ta ce ba ta haɗa zuri'a da mutumin da ke awon titin kafa rumfar makoki alhali mijinta na numfashi."

Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya tsorata Zaglul. Mu nan unguwar Shubra muna son mai rumfa ranar da muke buƙatarsa, amma ba mai son ya gan shi a falonsa yana shan shayi. Samari nawa suka zo wajen yarinyar nan, da uwayensu suka ji sana'ar uban sai su tuna sun bar tukunya a wuta? A banza yake rantsuwa cewa rabin aikinsa na biki ne. Gidan Bayyumi ne kaɗai suka ji suka zauna, har suka ƙara shayi. Kuma yarinyar na son yaron, so irin wanda uba ke gani ya kau da kai.

Ya bar wa babban yaronsa aikin, ya tsayar da ƙaramar bas.

Gaskiyar magana, ba wanda ya ja shi ofishin masu tallar waya da ke unguwar Dokki. Da ƙafarsa ya je, bayan abokin gasarsa Abu Sari ya fara riga shi isa gidajen rasuwa, wani lokacin ma kafin likita ya gama cire abin sauraron ƙirji. Ya ce musu, "Ku samo min masu buƙata kafin wancan ɗan banzan, ban damu da yadda za ku yi ba." Suka ce a sa hoton rumfa, ya ce a'a, nasa za a sa, ai ba don cin tuwon wake kaɗai ya kashe kuɗi a baki ba. Kuma ciniki ya buɗe. Bai taɓa tambayar ta ina ba.

Ofishin duk gilashi ne, ga wasu buhuna masu launi a ƙasa wai kujeru. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin kujeru bai yarda ya zauna ba. A tsaye ya jira Madam Dalya, wadda ke kula da tallarsa, ta fito da kofin gahawa mai tsawon gwangwanin fenti.

"Mu'allim! Ka ga sakamakon watan nan? Ka zama tauraro."

"Na zama annoba. Wa ya gaya muku surukina na asibiti?"

"Ba wanda ya gaya mana. Mu ba mu san kowa ba, wayoyi muka sani. Wayar da ta kwana biyu a asibiti, aka nemi sunan wata cuta da ita, aka sayi wasu magunguna, aka fara sauraron karatu fiye da waƙa, na'ura sai ta ware ta gefe. Shi ke nan."

"Na'urar taku ba ta da uwa ne? Ba ta san surukai ba?"

"Da ka ba mu lambobinsu da mun cire su."

"In ce muku me? Ga dangina, kar su ji na ce ina jiran gawa?"

Ta juya masa allon kwamfuta, ta ce ya dubi wani abu. A wannan asibitin akwai waya ɗaya da ke buɗe tallar kullum bayan asuba, ta daɗe a kai, har tana faɗaɗa hoton kujerun. Da na'ura ta ga haka sai ta ɗauka an kusa ciniki, ta ƙara turawa, gare ta da duk wayoyin da ke kewaye da ita.

"Irin wannan muke kira zazzafan mai saye," ta ce da alfahari.

"Allah ya sanyaya shi. Kashe abin nan."

"Gaba ɗaya? Mu'allim, Abu Sari fa ya kira mu shekaranjiya."

Zaglul ya shiga lissafin cinikin da zai koma hannun Abu Sari, kuma in za a faɗi gaskiya lissafin ya ɗan yi tsawo. Sannan ya tuna fuskar Rabab.

"Kashe."

Ta ce to, amma wanda ya riga ya hau hanya sai ya isa, abin ba zai tsaya cak ba sai gobe.

Ya sayi gwaiba da lemo a bakin asibiti, ya hau bene yana tsara kalamai. A unguwarmu in mutum ya kamu da mugun ciwon nan da ba a kiran sunansa, kowa sai ya sani ban da shi. Likita ya gaya wa babban ɗa a tsakar baranda, ɗa ya gaya wa uwa, uwa ta gaya wa duk bene, sannan a wanke fuska a shiga ɗaki da murmushi. Shi Alhaji Bayyumi gyambon ciki aka ce masa yana da shi.

Hajiya Insaf ce ta tare shi a ƙofa, gajeriyar mace mai faɗi, ta cika ƙofar tsaf.

"Lale da mai rangwame. Ka zo da igiyar awo ko a ido za ka ƙiyasta?"

"Hajiya, wallahi na'ura ce..."

"Na'ura ce ta yi murmushin? Muna nan muna ɓoye wa bawan Allah, ko madubi mun ɗauke daga ɗakin, kai kana bin mu da kujeru masu laushi! Da ya gani fa? Da ya gani, da me za mu ce masa?"

Hazim na bayanta, dogo har ya kusa taɓa saman ƙofa, amma idonsa na kan takalminsa. Zaglul ya miƙa ledar gwaiba, ba wanda ya karɓa. Ya samu benci a baranda ya zauna, ya ce ba inda za shi.

Ya ga azahar a nan, ya ga la'asar. Masu jinya na wucewa suna kallonsa, suna kallon wayoyinsu, suna sake kallonsa. Wata tsohuwa ta tofa addu'a ta canja hanya. Da zaman ya ishe shi ya ciro tasa wayar don ya duba ƙwallo, sai ga wani mutum cikin jallabiya ruwan toka yana yi masa haƙora, yana cewa in ta Allah ta kasance yana tare da shi.

"Uwarka," in ji Zaglul, da ƙarfi.

Daga cikin ɗakin wata murya ta taso, siririya amma mai iko. "Wa nake ji? Zaglul ne? Ku shigo min da shi. Ku kuma ku fita, duka. Insaf, har ke."

Alhaji Bayyumi ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa ne, mutumin da ko a kwance sai ka ji kamar ka nuna masa tikiti. Ya jira aka rufe ƙofa, ya zaro waya daga ƙarƙashin matashi.

"Kujerun nan na gaba, masu jan kaya, da gaske suna da laushi ko hoto ne?"

Zaglul ya zauna bakin gado ba a ce ya zauna ba.

"Alhaji, Allah ya ja kwana, ai gyambo ne kawai..."

"Rufe min baki. Na yi rayuwata ina gaya wa fasinja jirgi na nan tafe alhali bai ma taso ba, na san fuskar mai wannan magana. Ƙanena da ya yi shekaru ba ya gaishe ni ya taso daga garin Asyut da tsarabar agwagwa. Don gyambo? Likita na shafa min kai. Insaf ta daina yi min faɗa, Insaf fa! Duk gidan nan ba wanda ya dube ni ya faɗa min gaskiya sai haƙoranka."

"Ka yafe min, Alhaji."

"Da farko na zage ka, har iyayenka na haɗa, Allah ya ji ƙansu. Daga baya na ji sanyi. Ka san wahalar yi wa mutane kamar kana warkewa? Gara ciwon." Ya yi tari, ya huta. "Yanzu saurara. Sun ce biki sai na warke. In na tafi, matar nan za ta sa baƙi shekara guda, ko rediyo ba za a kunna ba. Ga fushin da take yi da kai. Yaron nan kuwa ka gan shi, tsawo ne kawai. Yarinyarka za ta tsufa tana jira. Rumfarka ta biki tana nan?"

"Tana nan."

"Alhamis ɗin nan. A ƙofar gidana. Fitilu duka, da masu ganga, kar ka kawo min na arha. Kuma ba su san na sani ba, ka ji? Sun sha wahala a kan ƙaryar nan, ka bar musu abarsu. Yanzu sunkuyar da kai, zan ci mutuncinka."

Kafin Zaglul ya fahimta, tsohon ya ɗaga murya yadda Allah ya hore masa. "Marar kunya! Ni za ka yi wa talla? Ni?"

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi, suka afko gaba ɗaya, Hajiya Insaf a gaba.

"Ashe duk wanda ya kwanta asibiti da ɗan gyambo sai wannan mutumin ya aiko masa da rumfa!" in ji Alhaji Bayyumi yana nuna shi da waya. "To na rantse sai ya kafa rumfar a ƙofata ina raye, ina zaune a kujerar gaba, kuma ko sisi ba zan ba shi ba. Alhamis za a yi bikin Hazim."

"Alhaji, wace Alhamis?" in ji Hajiya Insaf. "Ai mun ce sai ka samu sauƙi. Kuma mutumin nan..."

"Gyambon ciki ne zai hana ni zama a bikin ɗana? Ba gyambo kuka ce ba?"

Hajiya Insaf ta waiwaya. Ta buɗe baki, ta dubi Hazim, ta dubi ƙannensa mata, ba wanda ya kawo mata ɗauki.

"Gyambo ne mana," ta ce a hankali.

"To shi ke nan. A sallame ni Laraba, a dawo da ni Juma'a in suna so. Hazim, kira amaryarka, ka daina kallon takalmi. Kai kuma fita, ka bar gwaibar."

Zaglul ya fito baranda yana jin kamar an sauke masa buhun siminti an ɗora masa wani. Farin ciki yake yi, kuma kuka yake son yi, ya rasa wanda zai fara. Ya kai bakin matakala ya ji takun silifa a bayansa. Hajiya Insaf ce, ita kaɗai.

"Me ka gaya masa?"

"Wallahi, Hajiya, ban gaya masa komai ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Kusa da kusa haka ya ga ba ta da faɗin da ya ɗauka, kaya ne kawai.

"Bai sani ba ko?"

"Ina zai sani, Hajiya."

Ta gyaɗa kai, ta goge ido da bakin mayafi. "Zinaren ya zauna wajen yarinyar. Amma kai ban yafe maka ba, kuma ranar bikin kar ka yi min murmushin nan."

"Ba zan yi ba."

Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"In an tashi daga biki, katakon rumfar da kujerun... akwai ɗaki a ƙarƙashin benenmu, babu kowa a ciki. Kar ka wahalar da yaranka su kwashe su zuwa Shubra, su sake dawo da su."

"To, Hajiya," in ji Zaglul.

Bai gaya mata cewa tun suna su biyu mijinta ya riga ya faɗa masa wajen wanda makullin ɗakin yake ba.