Takardar da Torquil Ya Bari a Mota

A wajenmu duk wanda zai hau dutse lokacin sanyi sai ya bar takarda. Zai rubuta inda za shi da lokacin da zai sauko, ya ajiye ta cikin mota jikin gilashin gaba, yadda in yamma ta yi aka ga motar ita kaɗai, masu ceto za su san ta inda za su fara nema. Torquil Matheson bai taɓa fashin rubuta tasa ba a shekara talatin da muka yi muna ɗaukar hoto a duwatsun nan. Ni na sa ya fara rubuta ƙarya a ciki, kuma ranar da ya ɓata babu wanda ya san haka sai ni. Matarsa Effie ma ba ta sani ba.

Torquil mutum ne mai haƙurin da har haushi yake ba ni. Sai ya kwanta rubda ciki a dusar ƙanƙara awa huɗu gaban farin zomo, yau da gobe, har zomon ya daina ɗaukarsa a bakin komai. Ni kam minti ashirin in na yi yatsuna sun fara ciwo, sai zagi. Shekara uku da suka wuce na ga motarsa a gefen hanya, na leƙa na karanta takardar, washegari na yi sammako na riga shi. Na tarar da zomo a zaune kamar an ajiye mini, yana hamma, ƙanƙara a gashin bakinsa. Hoton nan ya hau bangon wata mujalla da sunana a ƙasa.

Ya same ni a shagon shayi ya ajiye mujallar a gabana.

"Zomona ne wannan, Lachlan. Dubi kunnen hagu a tsage."

"Au, rajista ka yi masa? Kawo takardar haihuwarsa mu gani."

"Ɓarawon banza. Hunturu biyu na yi ina kwanta masa. Ba don ni ba ko jelarsa ba za ka gani ba."

"To sai a ƙara sunanka, a ce mai reno."

Ya yi dariya, na ɗauka magana ta wuce. Bayan wata guda halina ya motsa, na sake leƙa motarsa. Takarda ta ce dutsen Carn Dubh. Na wuni a kan Carn Dubh iska na marina, ko sawun zomo ban gani ba. Da na dawo gida ya kira ni yana ƙyaƙyata dariya: "Yaya Carn Dubh, mutumina? Ka sha iska?" Daga ranar na san takardunsa sun zama tarko, kuma ni aka ɗana wa.

Ranar wata Talata cikin Fabrairun bana, Effie ta kira ni wajen ƙarfe shida ta ce bai dawo ba. Motarsa na gefen hanya, inda ake ajiyewa ko za ka hau hagu ko dama. Takarda ta ce Carn Dubh, ta gefen arewa, saukowa ƙarfe huɗu. Laraba da asuba mutum ashirin da karnuka suka hau Carn Dubh, jirgi mai saukar ungulu yana shawagi a kansu. Ni ina tsaye a ƙasa kusa da Effie.

Na yi ta gaya wa kaina cewa mai hankali ba zai rubuta ƙarya a irin wannan yanayi ba. Na ce kuma ai ni ma ban san ainihin inda ya tafi ba, to me zan ce? Duk gaskiya ne, amma ba su ne suka rufe mini baki ba. Kunya ce, tsabarta. Ranar Alhamis na daure na ja shugaban masu ceton gefe na ce ko za a duba ɗaya ɓangaren hanyar.

"Don me? Da hannunsa ya rubuta. Ka san wani abu ne?"

Effie tana taku biyar daga inda muke. Na ce, "A'a, tunani ne kawai."

Ranar Juma'a guguwa ta rufe duwatsun, aka janye mutane.

Sati uku ban yi barcin kirki ba. Ranar da yanayi ya ɗan lafa na ɗauki gatarin ƙanƙara na tsallaka hanya, na nufi Coire Ruadh, wani kwari da ke can sama yana fuskantar Carn Dubh. Na tuna wata rana Torquil ya tsaya yana kallon wajen, da ya ga na lura sai ya canza magana. Na bar takarda a motata, ta gaskiya.

Saman dusar ya daskare, kowane taku sai ya fashe da ƙara. Bayan na wuce tsohon shingen tumaki na fara jin takun ya zama biyu. In na tsaya, sai a ƙara taku ɗaya a bayana, sannan shiru. Na san dalili, ɓawon ƙanƙara ne ke ƙarasa zubewa cikin sawun da na bari, na ji shi sau ɗari a rayuwata. Sanin bai hana ni juyawa ba. Sau biyu na waiga, babu komai sai sawuna da fari har iyakar gani. Na daina waigawa, don na lura na fara tafiya a gefe kamar mai ba wani hanya.

A bakin kwarin na ga zomo zaune a gindin wani dutse. Na matsa taku goma, bai motsa ba. Na matsa har ina ganin numfashinsa, ya ci gaba da lasar ƙafarsa. Zomon dutse ba ya yi wa baƙo haka sai in wani ya daɗe yana kwanta masa. Sai ya ɗago kai, amma ba ni ya kalla ba, bayan kafaɗata ya kalla, ya daɗe. Ban ko taɓa kyamarata ba.

Ƙasa kaɗan da wurin na hango ƙarfe ya leƙo daga dusa, ɗaya daga ƙafafun da ake ɗora kyamara a kai, an ɗaura masa jan ƙyalle. Na durƙusa na tona. Rami ne Torquil ya haƙa da gatari, irin wanda ake koya mana mu haƙa in sauka ta gagara. Yana ciki a zaune, ya ɗaure ƙafarsa ta dama da ta karye da sandar tafiya, flas ɗin shayinsa a buɗe babu komai. Fuskarsa lafiya lau, sanyi ya adana shi. Na ce, "Torquil, ni ne." Ban san me nake jira ya ce ba.

Kyamararsa na cikin riga, jikin ƙirjinsa. Da na bar ta a nan da ya fi mini, amma hannuna bai taɓa iya barin kayan Torquil ba. Na sa mata batirina. Hotunan farko zomaye ne, masu kyau har na ji tsohuwar hassadar ta motsa. Daga nan sai Carn Dubh ta cike hoton, da ƙananan mutane masu jajayen riguna a jere suna caka sanduna cikin dusa. Jirgin ma ya fito, ƙarami kamar ƙuda. Kwanan watan ya nuna Laraba. Na ci gaba da dannawa, ga na Alhamis. Waya ba ta kamawa a kwarin nan, murya kuma ba ta tsallaka nisa irin wannan. Yana zaune yana kallon ana nemansa a inda ya ce a neme shi.

A hoton ƙarshe ya juya dogon gilashin kyamarar ne zuwa gefen hanya. Ga motoci a jere, ga tawa shuɗiya. Ga wani mutum tsaye a jikinta ya sa hannu a aljihu.

Na sauko na kira masu ceto, na faɗa musu wurin. Sannan na wuce gidan Effie tun rana ba ta faɗi ba, don kada ta ji a bakin wani. Tana yanka albasa. Ta saurare ni a tsaye, ta goge hannu, ta zauna a hankali.

"Coire Ruadh," ta ce. "To me ya sa ya rubuta Carn Dubh? Torquil ba ya mantuwa, Lachlan. Mutumin da ke rubuta ranar da ya sauya igiyar takalmi."

Hanya a buɗe take. Zan iya cewa ya canza shawara ne a hanya, kowa zai yarda, shi kuma ba zai tashi ya ƙaryata ni ba.

"Ni yake ɓoye wa," na ce. "Ina karanta takardunsa ina satar masa wurare. Shekara uku ke nan yana rubuta ƙarya saboda ni."

Ta dube ni. "Ka sani ke nan?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika kira ni."

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da na ji sauƙi. Ta sa yatsa tana tattara ɓawon albasa a kan tebur.

"Ranar Laraba yana da rai?"

"Yana da rai."

"Alhamis fa?"

"Har Alhamis."

Ta gyaɗa kai, ta tashi ta koma wajen albasarta ta juya mini baya.

"In za ka fita ka ja mini ƙofar sosai," ta ce. "Sanyi na shigowa."