Kabarin Maraya Ranar Shuka

Abarci ya riga ya saɓa sungumi a kafaɗa, matarsa Dela tana bayansa da ƙwaryar iri, sai suka ji tari daga bayan darni. Ba irin wanda suka saba ji ba ne. Wannan daga can ƙasan ciki yake fitowa.

Ruwan farko ya sauka da asuba. A wancan zamani Dakoro ba ta wuce 'yan bukkoki da rijiya ba, kuma kowa ya san dokar wurin: wanda bai zuba iri ba kafin rairayi ya sha iska, sai ya jira wani ruwan, wani ruwan kuwa bai yi wa kowa alkawari ba. Bara da ƙyar aka kai kaka. Irin da ke ƙwaryar Dela shi ne na ƙarshe a rumbu.

"Kar ka shiga," in ji Dela. "In ka shiga sai ya ɗauko maka labarin Masar tun daga tushe."

Abarci ya jingine sungumi ya shiga.

Tsoho Maraya yana kwance a tabarma, bakinsa ya bushe. Maƙwabcinsu ne, darni ɗaya ya raba su. Haifaffen nan ne, amma yana yaro mahara suka kwashe shi da uwarsa. Ita ta faɗi a hanyar hamada bayan Agadas, ayari ya wuce ya bar ta a fili. Shi aka sayar da shi a Masar. Can wani uskufu, wato babban limamin Kiristoci, ya fanshe shi ya 'yanta shi. Ya zauna wurinsa yana dafa masa tawada, yana fiƙe masa alƙalami, har ya bi addininsa. Sai da uskufun ya mutu ya biyo alhazai ya dawo gida da furfura, da littafi ɗaya cikin gafaka, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannunsa.

"Baba Maraya, ka rasa ranar ciwo sai yau?"

"Ba ciwo ba ne, Abarci. Tahiya ce."

"To ka dakata sai an gama shuka."

Tsohon ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Ya kama hannun Abarci.

"Ka san abin da ya sa ubana uskufu ya rubuta littafin nan?"

"Ka gaya mini. Har awakina sun sani."

"To ka ƙara ji. Ni na tambaye shi, na ce uwata da ba a rufe ba, wadda kuraye suka raba ƙasusuwanta, ita ma za ta tashi ranar tashi? Mutumin da ya sai da alkyabbarsa ya fanshi bayi, wanda hakimi ya kore shi daga gari bai sunkuyar da kai ba, sai ga shi ya kasa ba yaro amsa. Shekaru yana rubutu. Idonsa ya mutu, ya koma yana faɗa ana rubutawa. Ya ce Wanda ya tara mutum tun ba shi, bai rasa inda ƙashinsa ya watse ba."

"To mi kake tsoro?"

"Na yarda da littafin. Amma na ga uwata a fili. Kar ka bar ni a fili, Abarci."

"Wa ya ce za a bar ka?"

"Ƙafafuna gabas, kaina yamma, a rigingine. Haka muke kwanciya, don in mun tashi mu fuskanci fitowar rana. Littafin kuma ka ba Malam Harisu. Shi kaɗai ya iya faɗa da shi."

"Na ji."

Kafin rana ta ɗaga sosai numfashin tsohon ya tsaya. Abarci ya shafe masa ido, ya ja mayafi ya rufe shi.

Ya sami Malam Harisu, limamin wurin, a bakin gonarsa, ya tattare riga yana saran rami. Ya gaya masa, ya miƙa gafakar. Malam ya yi salati, ya daɗe yana duban fatar.

"Mun sha gardama a kan wanga littafi," ya ce. "Mutumin ya ɓata a wurare da yawa. Amma babin ƙasusuwa, ban sami abin gyara ba."

"Malam, ba karatu ya kawo ni ba. Gawa gare ni."

"Sallar gawa ba ta yiwuwa, ka sani. Makabartarmu ma haka. Amma rufewa, a rufe shi. Ɗan Adam ne."

"Wa zai kama mini?"

Malam ya dubi gonaki. Ko'ina mutane sun duƙufa, maza na sara, mata na bi suna zuba iri suna takewa da diddige. Ba wanda ya ɗago kai.

"Ka bari sai la'asar, a sami hannu."

"Da zafin nan? A bukkar da ba ƙofa, karnuka na yawo?"

Malam ya koma saran raminsa. Abarci ya juya.

A gida Dela ta tare shi. "Ina za ka da galma?"

"Gindin aduwa, gefen gonarmu."

"Gonarmu? Ka kashe mana wuni, ka kuma kashe mana ƙasa? Wa ke noma a kan kabari? Abarci, in ruwa ya ɗauke, mi za mu ci? Littafin Masar?"

"Na ce masa na ji."

"Ni ma ka sha ce mini ka ji."

"Ɗauki sungumi ki fara. Ina zuwa."

Ta ɗauka da fushi. Aikin mutum biyu ne, ita kaɗai sai ta sara layi, ta ajiye, ta dawo ta zuba iri. Daga inda yake haƙa yana hangenta, ita ma tana hangensa.

Abarci ya haƙa kaburbura da yawa a rayuwarsa, hannunsa ba ya tambayarsa. Ya ja layi, ya shiga sara. Saman ƙasa jiƙaƙƙe ne, yana tsayawa. Ƙasa da shi rairayi ne busasshe, yana zubowa yana cike abin da aka kwashe. Ya tuɓe riga. Rana ta hau tsakiyar kai, ramin ya kai masa ƙugu.

Sai ga Rhissa, wani Buzu makiyayi da ke sauka kusa da rijiya da rani, yana jaye da takarkari. Ya tsaya ya leƙa.

"Wa ya rasu?"

"Tsoho Maraya."

"Mai zane a hannu? Allah sarki. Ya taɓa ba ni gishiri." Ya sauke kayan da ke bayan san. "Mu mutanen daji ba mu wuce gawa. Da mi za ka ɗauko shi, da kai?"

Suka ɗora tsohon a kan takarkari cikin tabarmarsa, suka zare itatuwan bukkarsa don jeren kabari. Da suka iso gindin aduwa, Dela tana tsaye a bakin ramin, farin zanenta na Salla a hannu, wanda ita ta kaɗa zarensa. Ta jefa wa mijinta.

"Kar ka sa shi a ƙasa cikin tsumma, a ce maƙwabcin Dela ne." Ta dubi ramin. "Wannan kuma fa?"

"Mi?"

"Ina bakin darni na ji shi. Ƙafafu gabas ya ce. Kai kudu da arewa ka haƙa, irin namu."

Abarci ya tsaya. Ya dubi ramin, ya dubi gabas. Gaskiya ne. Hannunsa ya yi abin da ya saba.

Rhissa ya ce, "Sa shi hakanan, mutumina. Ƙasa duk ɗaya ce. Shi kuwa ba zai kai ƙara ba."

Abarci ya duƙa ya damƙi rairayin gona. Da safe yana dunƙulewa a hannu. Yanzu ya fara zubewa ta tsakanin yatsu. In ya rufe tsohon yanzu, zai iya samun rabin gona kafin laimar ta tafi. Ya dubi Dela. Ita ma ta ga rairayin.

"Ni ban ce ka sake ba," ta ce. "Na dai faɗi abin da na ji."

"Ba ni galma."

Bai koma wani wuri ba, don tsakiyar ramin ta riga ta yi zurfi. Ya sara ta gabas, ya sara ta yamma, yana mayar da ƙasar cikin ɓangarorin da ya haƙa da safe. Gefe ya rushe, ya kwashe. Ya sake rushewa, ya sake kwashewa. Tafinsa ya fashe. Rhissa ya karɓe shi, shi ma ya gaji, ya mayar masa. Dela ta kawo ruwa, ta koma layinta.

La'asar ta yi sanyi suka kwantar da Maraya a rigingine cikin zanen Dela. Suka jera itace, suka shimfiɗa tabarma, suka mayar da ƙasa. Abarci bai san abin da ake faɗa wa irinsu ba. Sai ya ce, "To, Baba. Ga gabas nan a gabanka. Ba ka a fili."

Rhissa ya saro ƙayar aduwa ya tara a gefe saboda kura, ya ja sansa ya tafi. Can a hanya mutane na komawa gida da ƙwarya wofi. Malam Harisu ya tsaya daga nesa, gafakar a rataye a kafaɗarsa, ya daɗe, sannan ya wuce.

Abin da Dela ta shuka bai kai ko'ina ba. Sauran gonar ta yi fari, ta bushe.

"Yanzu fa?" ta ce.

"Mu zuba a busasshiya. Ya jira ruwa."

"In ɓeraye sun bar shi."

"In sun bar shi."

Ya ɗauki sungumi da hannun da ya fashe, ya fara sara. Ta bi bayansa tana zuba iri tana takewa. Da suka kai ƙarshen layi suka juyo, Dela ta hango gindin aduwa. Ƙasar da aka tona ba ta gama bushewa ba, ta fi ta kewaye duhu: layi ɗaya kudu da arewa, ɗaya gabas da yamma, sun gitta juna, kamar ɗan zanen da ke wuyan hannun tsohon. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga Abarci ya riga ya yi nisa. Ta ɗebo iri ta bi shi.