Maharbin Aro

Kamfanin wasan ya sake fitar da gyara a tsakiyar mako, ya kuma buɗe sanarwar da gaisuwarsa ta kullum: "Ya ku jarumanmu masu daraja." Tsoho ya karanta ta da tabarau a bakin hanci, yadda ya saba karanta aikin marubutan da ba su iya rubutu ba, zamanin da yake gyaran rubutu a maɗaba'a. An rage wa mai garkuwa ƙarfi. An ƙara wa maharbi da mai gatari. Dalili kuwa, wai don a daidaita fage kowa ya ji daɗi. Watannin baya su ɗin ne suka ƙara wa mai garkuwa suka rage wa maharbi, da wannan dalilin, da waɗannan kalmomin, har da waƙafin da suka ajiye inda bai dace ba.

A maɗaba'a, in ka bari kuskure ya fita, ya fita ke nan, kunyar taka ce har ka koma ga Allah. Su kuwa waɗannan yaran sun samu sana'ar da za a sayar maka da littafi, sannan a riƙa shigowa ɗakinka ana sauya maka shafuka kana tsakiyar karatu, a kuma jira ka ce ka gode.

Mai garkuwa shi ne jarumin Tsoho, bai taɓa riƙe wani ba. Su biyar ne a ƙungiyar, duk Asabar da yamma suke haɗuwa, kowa a gaban kwamfutarsa a garin da yake, su shiga kogo su kashe dodo. Aikinsa ya tsaya a gaba ya sha duka don sauran su samu damar sara da harbi. Aikin Auta, 'yarsa, ta tsaya a baya tana mayar masa da jinin da dodo ya zubar. Ita ta sa masa wasan a kwamfuta bayan rasuwar mahaifiyarta, da ta lura cewa in ta kira shi a waya ba sa wuce gaisuwa. Marigayiyar ce mai hira a gidan. Shi da Auta kuwa, ya gida, ya aiki, ya ƙafar, da sauƙi, sai ɗayansu ya ce to bari in bar ki. Amma a cikin kogo bakinta ba ya rufuwa. Ta ce ya ja baya, ta ce ya ɗaga garkuwa, ta tambaye shi ko barci yake yi, ta yi masa tsiwar da rabon da ya ji ta tun tana 'yar makaranta. Wasan kansa bai ɗauke shi a bakin komai ba: labarinsa shirme ne, dodanninsa kamar zanen bangon makarantar yara. Don wannan muryar yake sa abin sauraro a kunne.

Sauran ukun kuwa, Allah ya ba shi haƙurin zama da su. Akwai mijin Auta, ma'aikacin inshora, wanda suke kira Shugaba saboda shi ke tsara ƙungiyar, mutumin da ba ya iya cewa "mu shiga" sai ya ce "ina ganin zai kyautu mu duba yiwuwar shiga". Akwai ƙanin Shugaba, da ake wa laƙabi da Lauya, don duk gyaran da ya fito sai ya rubuta doguwar ƙara a dandalin 'yan wasa, ya rantse ya bar wasan har abada, ranar Asabar kuma shi ne na farkon zuwa. Sai Mai Kemis, wanda ba shi da jarumi sai wanda kamfani ya ƙara wa ƙarfi a wannan makon. Jiya matsafi, yau maharbi, gobe ko tukunya aka ce ta fi duka zai zama tukunya, kuma zai yi maka bayanin cewa dama tun farko ita yake so.

Asabar ɗin da ta biyo bayan gyaran ba ta yi kyau ba. Garkuwar da a da take ɗaukar duka uku ta riƙa tsagewa a na biyu. Auta ta juye duk maganinta a kansa har ta rasa abin ba sauran. Suka faɗi, suka tashi, suka sake faɗuwa a gaban dodon da suka saba kashewa suna hira. Lauya ya zagi kamfanin tun daga mai shi har mai gadin ƙofa. Mai Kemis bai zagi kowa ba, sai ya ce shi dai a saninsa, ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi duk sun ajiye garkuwa. Daga nan ya ce an yi masa baƙi, ya fita.

Ba a yi kwanaki ba sai ga Shugaba a ƙofar Tsoho, wai aiki ya kawo shi garin ya ce bari ya leƙo. Ya hau benen da ledar lemo a hannu, ya gaishe shi gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo, ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran a kira shi. Ɗakin bai sauya ba tun bikin Auta: kantar littattafai har rufi, keken ɗinkin marigayiya a lulluɓe a kusurwa, kwamfuta a kan teburin cin abinci inda babu mai cin abinci. Ya yaba littattafan, shi da bai taɓa ɗaukar ko ɗaya ba. Ya tambayi ƙafa. Ya yi magana kan tsadar mai. Tsoho ya bar shi ya yi ta kewaye, yana ɓare lemo a hankali, don dai ya ga iyakar inda ladabi zai kai mutum kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

Da ya iso wurin, sai ya ce ba laifin kowa ba ne, yanayi ne ya sauya. Shi zai koma mai gatari ya tsaya a gaba, tunda yanzu gatari ya fi garkuwa jure duka. Maharbinsa kuma, da duk kayansa, yana nan ba mai riƙe shi. In Baba ba zai damu ba.

"In na damu fa?"

Shugaba ya dubi ledar lemo. Ya ce Mai Kemis yana da wani aboki da ya daɗe yana neman ƙungiya, amma shi sam bai so a kai ga wannan maganar ba.

"Wato an sallame ni daga aiki karo na biyu ke nan," in ji Tsoho. "Na farko dai agogon bango suka ba ni. Kai lemo ka kawo."

"Haba Baba, ba haka ba ne."

"Auta ta san ka zo?"

"Ita ta ce in zo da lemon."

Wannan ce ta shige shi, amma bai nuna ba. Ya share hannu, ya ce a rubuta masa yadda ake shiga maharbin. Ya ƙara da cewa a rubuta da kyau, don ya ga rubutun Shugaba a katin gayyata, har yau bai warke ba.

Kwanakin da suka rage ya gwada jarumin aron. Mai garkuwa sai ka san numfashin dodo, ka san lokacin da zai ɗaga hannu, ka san inda za ka juya shi don kada wutarsa ta sami na baya. Shekaru ya yi yana koyon wannan da yatsun da suka fara sandarewa. Maharbi kuwa maɓalli biyu ne: ka danna wannan, ka danna wancan, ka koma na farko. Kaza ma in an zuba mata tsaba a kan maɓallan za ta iya. Ga shi an yi masa ado da alkyabba mai ƙyalli da gashin tsuntsu a ka, irin shigar da mutum zai yi in ba shi da mai gaya masa gaskiya a gida. Tsoho ya dubi wannan halitta a allo ya ce, to, mu je.

Ranar Asabar Shugaba ya nuna masa wani dutse a gefen kogo, ya ce nan maharbi ke tsayawa, wuta ba ta kaiwa can. Ya hau. Daga sama ya ga fagen duka, ƙanana kamar tururuwa. Aka fara. Ya danna wannan, ya danna wancan. Jinin dodo ya riƙa zuba kamar an huda tulu.

Auta tana magana, ba ta fasa ba. Ta ce a ja baya. Ta ce wai kai ba ka ganin hannunsa ne. Ta ce in ka sake tsayawa a wurin nan wallahi ƙyale ka zan yi ka mutu. Da mijinta take duk wannan maganar. Shugaba yana ta ba da haƙuri, yana juya dodo ta inda bai kamata ba, ita kuma tana dariya tana gyara masa. Tsoho yana kan dutse, jininsa cike taf, ba abin da ya taɓa shi, don haka ba wanda ke da abin ce masa. Dodo ya faɗi tun kafin shayin Tsoho ya huce.

Mai Kemis ya ce ai dama ya faɗa, Baba ya koma saurayi. Lauya ya ce wannan ma hujja ce cewa kamfanin ya lalata wasan, zai rubuta. Shugaba ya taya ƙungiya murna da abin da ya kira kyakkyawan sakamako. Auta ta ce, "Sannu Baba," da muryar nan tata ta waya, ta kuwa juya ta ci gaba da yi wa mijinta bayanin kuskurensa.

Suka wuce kogo na biyu. A nan dodon yana tofa wuta ne, ta kwanta a ƙasa ja wur na ɗan lokaci kafin ta mutu. Nan ma akwai dutse, kamfanin bai manta da masu gashin tsuntsu ba. Tsoho ya hau, ya yi harbi har aka ci rabin faɗan. Ya saurari 'yarsa tana kiran wani. Sai ya ɗauke yatsa daga maɓallan biyu, ya sauko da maharbin daga dutsen, ya taka shi a natse har tsakiyar wutar, ya tsayar da shi a nan da alkyabbarsa.

Jinin ya yi ƙasa da gudu.

"Baba, me ya kai ka can? Fita! Ta hagu, ta hagu na ce, wannan dama ce!"

"Tabarau ne," in ji shi.

"Tabarau ne suka sauko da kai daga dutse? Tsaya nan, kar ka motsa. Kar ka motsa na ce."

Ta bar mijinta da dodo ta zo ta tsaya a kansa tana zuba masa magani, bakinta bai huta ba. Ta ce mutumin da ya yi shekaru yana koya wa mutane inda ake tsayawa, yau shi ne a cikin wuta kamar baƙo. Ta ce ko ya ci abinci ma kuwa, don wannan aikin mai yunwa ne. Ya ce ya sha shayi. Ta ce shayi ba abinci ba ne, kuma ta san ledar lemon nan tana nan inda aka ajiye ta. A can gaba Shugaba yana kiran agaji cikin ladabi, saura ƙiris mai gatarinsa ya faɗi. Da ƙyar suka kashe dodon, Lauya a kwance, Mai Kemis yana tsaki yana cewa shi bai gane abin da ya faru ba.

Shugaba ya yi gyaran murya ya ce yana ganin zai kyautu a tuna cewa dutsen nan an yi shi ne don kariya. Tsoho ya ce ya gode da wannan ilimi. A ransa kuwa yana auna abin: in ya yawaita, za a kira abokin Mai Kemis. In ya daina, ya koma gunki a kan dutse. Sai dai jefi-jefi, kuma ya riƙa sauya wuri don kada a gane.

"Ba wani dutse," in ji Auta. "Daga yau kusa da ni za ka riƙa tsayawa, inda zan gan ka."

Mai Kemis ya fara bayanin cewa daga can maharbi ba ya kai rabin ƙarfinsa, duk wanda ya karanta sanarwar ya sani. Ta ce ta ji, in ya matsu ya ɗauki nasa maharbin ya hau dutsen ya kwana a can.

Tsoho ya san abin ba mai ɗorewa ba ne. Wata rana a tsakiyar mako yaran nan za su tashi da sabon tunani, su kashe wutar, ko su ce mai magani irin ta Auta ta yi yawa a fage, su aiko da gaisuwa ga jarumansu masu daraja. Ya gyara zaman abin sauraron a kunnensa, ya ja maharbin aron ya tsayar da shi a gefen 'yarsa a bakin kogo na uku. Tana gaya masa cewa ya yi kusa da yawa, ya ɗan matsa, ba haka ba, ya dawo.