Minti Ashirin Kawai

Ranar Asabar ta bikin shekara da ake kira kanibal, ana tsaka da kiɗa a titunan birnin Barranquilla, jar fitila ta kama a jikin babbar kwamfutar birni. Doña Nohemí ce ta fara gani. Shekara ashirin da biyu tana aiki a ɗakin kwamfutar mai sanyin tsiya, ta san na'urar ciki da bai. Jiki ɗaya ce, amma an raba ta gida uku: na haraji, na ruwa, da na kiran motar asibiti. Fitilar na nufin ɗaya daga cikin allunan lantarkin da ke cikinta na neman mutuwa, kuma a gida na uku yake.

Sabon shugaban sashen, Injiniya Wilfrido, ya faɗo ɗakin, kansa fari fat da garin da 'yan biki suka watsa masa.

"A kashe ta gaba ɗaya, Doña. Minti ashirin kawai, mu canza a tsanake."

"Ba zan kashe ba."

"Wai ni ne shugaba ko ke?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Amma an ƙera ta ne don a zare mata allo tana aiki. Tsoro kake ji, shi ke nan."

"Kika ƙona ta, yau kin bar aiki!"

"To, je ka rubuto takardar korar."

Ita ma fa tsoron take ji, amma haushi ya fi yawa. Ta zauna, ta aro allo ɗaya daga gidan haraji, yo wa ke biyan haraji ranar kanibal? Ta juye masa aikin mai ciwon kaf. Wilfrido na ta sintiri a bayanta yana tsaki, ko kallo bai ishe ta ba. Da fitilar ta koma shuɗiya, ta ɓalle maƙallai biyu, ta zaro allon a hankali, fankoki na ta ruri.

Babu abin da ya tsaya. Ta danƙa masa allon a hannu, da ɗuminsa.

"Sa'a kika ci," in ji shi.

Ta nuna masa inda ake ƙirga kira. "Goma sha ɗaya suka shigo tun da ka buɗe baki. Duk an amsa."

"Haba, Doña, minti ashirin fa kawai na ce."

"Na ji ka. Mijina Eusebio minti goma sha tara ya yi a ƙasa yana jiran motar asibiti kafin ya cika. Ni na riƙe agogon."