Shaidar Yaya Semisi

Saboda hotunan bikinmu aka hana mijina Manase izinin shigowa Ostireliya. Wai babu hoto ko ɗaya da muka taɓa juna, don haka auren na bogi ne. Yana ƙasarmu Tonga, ni ina birnin Brisbane ina wankin zannuwan asibiti, kullum sai jira.

Da muka ɗaukaka ƙara, lauyata ta ce in kawo shaida daga dangi. Ban yi dogon tunani ba na kawo yayana Semisi.

Mai shari'a ta tambaye shi, "Ka taɓa ganin ƙanwarka da mijinta suna nuna wa juna ƙauna?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban taɓa gani ba, ranki ya daɗe."

Gwaggo Pelenaise da ke bayanmu ta ja tsaki. "Sakarai kawai! Ka gama da ita."

Gaskiya ya faɗa. A wurinmu mace ba ta raɓar mijinta a gaban yayanta, kuma ranar bikinmu, Semisi yana tsaye gefen mai hoto.

Mai shari'a ta juyo gare ni. "Lesieli, gaya mini yadda kuke da mijinki."

Na saci kallon yayana. Can Semisi ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, a bar ni in fita. Muddin ina nan ba za ta ce komai ba."

Da ƙofa ta rufe, na goge fuskata. A hankali na fara gaya mata yadda Manase ke shafa mini man kwakwa a ƙafafu duk lokacin da na je gida.