Ranar Da Aka Ɗora Kwamfuta Kan Turmi

Ni fa ba gulma ta kai ni gidan Nababa ba, aron rariya na je. Sai dai ido ba a hana shi gani. Ina shiga na hango Aina'u, 'yarsu da ta zo goyon ciki, ta rungume ginshiƙin rumfa tana cizon haɓar zani, gumi sharkaf.

Na ce, "Ke 'yar nan, tun yaushe?"

Ta sunkuyar da kai. Ashe tun asuba take naƙuda, ga la'asar ta kawo jiki. Haihuwar fari ce, kunya ta hana ta faɗa wa uwarta, Barira. Mu ma haka muka yi a zamaninmu, har yabon mu aka yi.

Barira ba ta gama salati ba ruwa ya ɓarke. Nababa ya fita neman mota, ya dawo jiƙe jagab, wai rafin da ke tsakaninmu da titin Ɗanbatta ya cika ya batse, ko babur ba ya ƙetarawa. Ungozomarmu kuwa tana can ƙetaren, gidan suna.

Sai Ramlat, ƙanwar Aina'u da ke koyon aikin jinya a Kano, ta ɗauko kwamfutarta. Duk unguwa an san kwamfutar nan, don ni na baza labarinta. 'Yar mai arha ce, amma ana lanƙwasa ta baya ba ta karye ba, ana shafa fuskarta da yatsa kamar waya. Wayar Ramlat kuwa kyamararta ta mutu tun da ta faɗa randa, sai dai ta jona ta da kwamfutar don samun intanet. Ta kife turmi a tsakar ɗaki, ta lanƙwasa abar, ta tsayar da ita a kai kamar 'yar bukka. Sai ga malamarsu, Sista Khaulat, tana kallon mu daga Kano.

Tsayuwar nan ta yi rana, don Ramlat na bukatar hannuwanta biyu. Amma muryar abar kamar kukan sauro, ga ruwa na dukan kwano.

Ramlat ta ce, "Gwaggo, ai garin nan babu mai kunnenki. Manna shi a nan, duk abin da Sista ta ce ki maimaita da ƙarfi."

Na ce, "Za mu haɗu, mara kunya." Na durƙusa na manna kunne.

Ina maimaitawa, Ramlat na yi, Aina'u na nishi ƙasa-ƙasa. Can sai wani mai farar riga ya gifta ta bayan Sista.

"A'uzubillahi! Namiji!" in ji Barira. Ta fizgo jiƙaƙƙen mayafinta ta lulluɓe kwamfutar.

Da muka yaye, Sista ta ɓace. Lemar ta rikita fuskar, abubuwa na buɗewa suna rufewa su kaɗai. Ramlat ta danna, ta danna, hannunta a jiƙe, abar ta ƙi jin ta. Aina'u ta saki wata irin ƙara.

Ramlat ta ce, "Gwaggo, goge! Danna koren nan!"

Na goge da zanina, na danna. Sista ta dawo. Amma a gefe wani ɗan jan zane ya fito. Cajin abar nan ba ya kai dahuwar wake.

Kai ya fito, jiki ya biyo. Mace ce. Ba ta yi kuka ba. Jikinta a sake, launinta kamar toka. Aina'u ta ɗago kai tana kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kau da ido. Barira ta ɗebo ruwan randa a moɗa za ta watsa mata, yadda muka saba.

Na ƙara danna kunne. "Sista ta ce kar a watsa ruwan sanyi! A goge ta da busasshen zani! A murza bayanta, a…"

Fuskar ta yi baƙi ƙirin. Na ga tsohuwa a ciki, baki buɗe, ashe ni ce.

"A me, Gwaggo?"

"Ta ɗauke. Murza kawai, 'yar nan, murza!"

Na kwance zanina na sama, shi kaɗai ne busasshe, na cilla mata. Ramlat na murzawa tana kuka. Barira riƙe da moɗa, ruwan na zuba kan ƙafarta ba ta sani ba. Na karanto duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa.

Sai 'yar ƙafa ta motsa. Tari ƙarami ya biyo. Sannan kuka, siriri kamar na mage, ya yi ta ƙaruwa har ya danne ruwan sama. Aina'u, mai kunyar ɗan fari, ta miƙo hannu biyu a gaban uwarta.

Barira ta zauna daɓas. Da numfashinta ya dawo, ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Yaya, kina ganin mutumin nan ya ga wani abu?"

Na ce ban sani ba, amma in ta ba ni rariyar zan yi shiru.