Muryata a cikin rawani

Sunana Balgasim. Raƙuma nake kiwo a kudancin garin Duz, bakin hamada, kamar ubana. Da sanyi mukan sake su su shiga rairayi, da zafi su dawo rijiya da kansu, garke cakuɗe da garke. Kowa da waƙar kiransa. Ka rera taka, naka su ware su zo kwamin shan ruwa.

Bana likita a birnin Gabis ya yanka mini maƙogwaro ya cire wani ƙari. Na warke, murya ba ta dawo ba. Sai raɗa.

Maƙwabcina Sasi ya zo dubiya.

"Alhaji, sayar mini da su ka huta," ya ce. "Da me za ka kira su, da tafi?"

Na nuna masa shayinsa, na nuna masa ƙofa. Amma gaskiya ya faɗa. In babbar taguwata Hamra ba ta ji kirana ba, bin wani garken za ta yi, sauran su bi ta.

'Yata Mabruka ta zo da wayarta. Ja ce, tana ninkewa kamar wuƙar aljihu. A bayan murfin akwai maɓallai uku da 'yan ramuka biyu inda sauti ke fita.

"Baba, ka tuna bara da ka kore ni daga bakin rijiya, ka ce na tsaya ina wasa da ƙarfe? Waƙarka nake ɗauka a lokacin. To, saurara."

Ta danna na tsakiya, ba ta ko buɗe wayar ba. Muryata ce ta cika ɗakin. Har ƙarar guga, har tarin da nakan yi kafin baiti na biyu. Abu bai kai tafin hannu ba, amma bai rage ko numfashi ɗaya ba. Wanda ya ƙera shi ya san aikinsa.

Ta koya mini. Na tsakiya ya tayar ya tsayar, na hagu ya komo farko. In waƙar ta ƙare, da kanta take maimaitawa. Ba karatu a ciki. Na tsakiyan yana da ɗan tudu, yatsa na gane shi ko ido a rufe.

Ranar shayarwa bakin rijiya ya cika da maza. Kowa ya kira nasa. Na ɗaga wayar sama na danna. Hamra ta ɗago kai. Ta dubi hannuna, ta dubi bakina a rufe, ta juya mini baya.

"Ƙara ɗagawa, Alhaji!" in ji Sasi. "Ko sabis ne babu a wajen taguwar?"

Aka yi dariya. Garken da take ciki ya fara motsawa yamma, tana biye.

Ban ga laifinta ba. Tun tana 'yar ƙarama daga wuyana take jin waƙar nan, ta cikin rawani, ba daga hannu ba. Na cusa wayar a ninke ƙarƙashin haɓata, na ja amawali na rufe baki kamar yadda na saba. Na lalubo tudun ta saman ƙyalle na danna.

Waƙar ta fito a dushe kaɗan, yadda take fitowa kullum. Ina jin rawar wayar a kan tabon yankan.

Hamra ta tsaya. Ta juyo a hankali, ta ratso raƙuman mutane, ta zo ta sa hanci a wuyana ta shaƙa. Sannan ta sunkuya kwami. Sauran suka biyo ta, har da gurguwar cikinsu.

Waƙar ta ƙare ta sake tashi da kanta. Ban taɓa komai ba, hannuwana biyu suna kan igiyar guga.

Sasi ya matso yana leƙen rawanina.

"Alhaji, irin wannan a ina ake samunta?"

Na yafito shi ya kawo kunne kusa.

"Wayar tana kasuwa," na raɗa masa. "Muryar ce ba ka da ita."